Yadda Ake Lissafin Nauyi da Jan Igiya Kafin a Rataye Kaya

Tambayoyin da masu karatu ke aiko mana daga Birnin Kebbi, Jega, Argungu da Yawuri sun yi kama da juna. Mai shago ya rataye allon shagonsa da sabuwar waya, ba a jima ba ƙusa ta fita daga bango. Uwargida na mamakin yadda igiyar shanya ke tsinkewa alhali kayan da ke kanta yaro ma zai iya ɗauka. Mai sayen shanshera, wato shinkafar da ba a sussuke ɓawonta ba, yana son ya san ko sandar da ya gitta za ta riƙe sikeli da buhu. Wasu kuma fanka ce suke tsoron ta faɗo wa iyali.

Abin da ya haɗa su duka shi ne, nauyin kaya ba ya canzawa, amma jan da igiya ke sha yana canzawa gwargwadon yadda aka ɗaura ta. Kaya mai kilo 10 na iya ja wa igiya kilo 5, yana kuma iya ja mata kilo 100. Ga matakan da ake bi a gane wanne ne kafin a saki hannu.

Kayan da za ka tanada: sikelin ratayewa mai ƙugiya, tef ɗin awo, alli ko gawayi, jarkokin ruwa na gwaji, da takarda da biro ko kalkuletar waya. In ba ka da sikeli, ara wurin masu awon hatsi ko masu sayar da gas, ba sai ka saya ba.

1. Auna nauyin, kada ka ƙiyasta

Rataye sikelin babu komai a jikinsa, ka tabbata allurar na kan sifili. Sannan ka gwada gaskiyarsa da ruwa: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka lita 10 ya kamata ta nuna kilo 10 da ɗan nauyin jarkar. In ya kauce da yawa, nemi wani.

Akwai nauye-nauyen da ya kamata ka riƙe a ka. Buhun siminti kilo 50 ne. Jarka mai lita 25 cike da ruwa ta ɗan haura kilo 25. Man gyaɗa ya fi ruwa sauƙi, litarsa ba ta cika kilo ba, zuma kuwa litarta na kusan kilo 1.4. Tukunyar gas da ake kira mai kilo 12.5, gas ɗin ne kaɗai kilo 12.5, ita tukunyar tana da nata nauyin da aka buga a jikinta, sai ka haɗa su. Buhun shanshera, albasa ko gero ba shi da tsayayyen nauyi, ya danganta da girman buhun, yadda aka danna shi da kuma danshinsa. Wannan dole a ɗora shi a sikeli.

Gargaɗi: auna kaya a halin da ya fi nauyi. Bargo jiƙaƙƙe ya ninka busasshe. Albasar Aliero da aka ciro yau ta fi wadda ta sha iska nauyi. Tanti ko tamfol da aka ɗaure sama yana tara ruwan sama a tsakiyarsa, kowace lita kuma kilo ce da ba ka sa a lissafi ba.

2. Bi nauyin daga ƙasa zuwa sama

In kaya na rataye cik a igiya ɗaya wadda ta sauko tsaye, ba ya lilo, ba ya hawa, ba ya sauka, to jan da igiyar ke sha daidai yake da nauyin abin da ke ƙasa da ita. Kifin da ya zo na ɗaya a gasar kamun kifi ta Argungu a 2020 kilo 78 ne. In aka rataye irinsa, ƙugiya na ɗauke da kilo 78, igiyar da ke sama da sikeli na ɗauke da 78 da nauyin sikelin, sandar da aka ɗaura igiyar ita ma haka. Nauyin ba ya rabuwa tsakaninsu. Kowannensu yana ɗauke da shi gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka ka rubuta duk abin da nauyin zai ratsa: hannun buhu ko kunnen bokiti, ƙugiya, ƙulli, igiya, ƙusa ko bol, katako, bango. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne iyakar ƙarfin aikin. Sarƙa mai ɗaukar tan guda ba ta da amfani in an maƙala ta a ƙusa mai inci uku.

In kaya hawa-hawa ne, kamar ragaya mai ƙwarya uku ko damin albasa da aka jera a igiya ɗaya, igiyar ƙasa na ɗauke da na ƙasa kawai, ta sama kuwa tana ɗauke da duka. Shi ya sa irin wannan ratayar kusan kullum daga sama take tsinkewa. A rijiya mai zurfi ma, nauyin jiƙaƙƙiyar igiyar kanta yana shiga lissafi a bakin rijiyar.

3. Igiya biyu a tsaye

In igiyoyi biyu duk sun sauko tsaye, tsawonsu ɗaya, kayan kuma na tsakiya, kowace na ɗaukar rabi. Da kayan ya matsa gefe, rabon ya sauya, igiyar da ta fi kusa da shi ita ke shan wahala. A ce sanda ce mai mita 2 an rataye ta da igiya a kowane ƙarshe, aka sa kaya mai kilo 60 santimita 50 daga ƙarshen dama. Igiyar dama za ta ɗauki kilo 45, ta hagu 15.

Gargaɗi: kada ka raba nauyi gida huɗu don ka sa igiya huɗu. A kaya mai tauri, kamar katako, faranti na ƙarfe ko allo, da wuya igiyoyi huɗu su zo daidai da juna. Biyu ne ke ɗaukar nauyin, sauran biyun suna hana shi karkata kawai. Taɓa su da yatsa za ka ji waɗansu tamau, waɗansu sako-sako. Yi lissafinka kamar biyu ne.

4. Igiyar da ta karkata

A nan ne mafi yawan ɓarna ke faruwa, don haka a natsu.

Igiyar da ta sauko tsaye duk ƙarfinta sama yake ja. Da ta kwanta, wani sashe na ƙarfin ya koma jan gefe, abin da ya rage ne kawai ke riƙe kayan. Kayan kuwa ba su rage nauyi ba, saboda haka dole jan igiyar ya ƙaru. Iya kwanciyarta, iya ƙaruwar jan.

Gwada da hannunka kafin ka yarda. Samu igiya mai mita huɗu, ka ɗaura galan mai lita 5 na ruwa a tsakiyarta. Kai ka riƙe baki ɗaya, wani ya riƙe ɗayan, ku tsaya kusa da juna. Za ku ji kamar ba komai, yatsa biyu sun isa. Ku riƙa ja da baya a hankali. Da igiyar ta fara buɗewa za ku ji tana cin tafin hannu, kafin ta kusa miƙewa kun fara jingina da baya kuna turje ƙafa, galan ɗin kuwa yana nan a ɗan ƙasa da layin hannuwanku. Ko ƙarti nawa aka ƙara, igiyar ba za ta miƙe sak ba. Sai dai ta tsinke.

Lissafinsa ba ya bukatar sanin digiri, tef ya isa. Auna abu biyu:

- Tsawon igiyar daga ƙusa zuwa inda kayan ke rataye.
- Zurfin lotsawa, wato tazarar da ke tsakanin miƙaƙƙen layin da ya haɗa ƙusoshin biyu da inda kayan ke rataye, a auna ta tsaye. Ja zare daga ƙusa zuwa ƙusa ka auna daga jikinsa zuwa ƙasa.

Sai ka ninka nauyin kayan da tsawon igiyar, ka raba da ninki biyu na zurfin lotsawa. Abin da ya fito shi ne jan kowane ɓangare, in dai kayan na tsakiya.

Ga misali da kaya mai kilo 10 a tsakiyar igiyar da aka ɗaure tsakanin bango biyu masu tazarar mita 4:

- Lotsawa mita 1: kowane ɓangare na shan kusan kilo 11.
- Lotsawa santimita 50: kusan kilo 21.
- Lotsawa santimita 20: kusan kilo 50.
- Lotsawa santimita 10: kusan kilo 100.

Dubi na ƙarshen da kyau. Mutum ya ɗaure igiyarsa tamau don ta yi kyau a ido, ya rataye abin da bai kai rabin jarka ba, amma kowace ƙusa na shan jan buhun siminti biyu. Kuma jan ba ƙasa yake yi ba, waje yake yi, ta hanyar da ƙusar ta shiga, wato inda ƙusa ta fi saurin zarewa. Wannan shi ne amsar mafi yawan masu tambayar dalilin da bangonsu ke ɓantarewa.

Ka'ida mai sauƙin riƙewa: duk lokacin da zurfin lotsawa ya zama rabin tsawon ɓangare ɗaya na igiyar, kowane ɓangare na ɗauke da cikakken nauyin kayan, igiya ta biyu ba ta rage maka komai ba. Kada ka bari lotsawar ta gaza haka a kaya mai nauyi.

Allon shago da ake ratayewa da sarƙa biyu daga ƙugiya ɗaya, lissafinsa ɗaya ne, an dai kife hoton ne. A ce allon kilo 20 ne, tsakanin kunnuwansa biyu mita 1.2. In kowace sarƙa santimita 70 ce, ƙugiyar za ta tsaya kusan santimita 36 sama da allon, kowace sarƙa ta sha kilo 19 da ɗoriya. In ka tsawaita kowace zuwa mita 1.2, jan ya sauka zuwa kusan kilo 11 da rabi. Saboda haka ka sa tsawon kowace sarƙa ya kai tazarar da ke tsakanin kunnuwan. Gajerun sarƙoƙi kuma suna matse allon ta gefe biyu, shi ya sa za ka ga allon langa-langa ya lanƙwashe a tsakiya.

Igiyar shanya ta ɗan bambanta, domin kayan a baje suke ba a wuri ɗaya ba. Jan nata kusan rabin na kayan da aka tara a tsakiya ne. Duk da haka maganinta ba ƙara ɗaurewa ba ne. A bar ta ta lotsa, in kayan na jan ƙasa a ɗaga ƙusoshin sama, ko a kafa gwafa a tsakiya. Gwafar nan da ake rainawa tana raba tazarar biyu, tana raba nauyin biyu, in aka bar kowane ɓangare ya lotsa kamar da, jan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

In kayan ba a tsakiya yake ba, gajeriyar igiyar da ta fi miƙewa sama ita ce ta fi shan ja. A nan kada ka yi ta lissafi, sa sikeli a tsakanin igiyar da ƙusar ka karanta. Abin da sikelin ratayewa ke nunawa dama jan igiya ne.

Ga ɗalibai masu shirin WAEC da NECO, abin da ke cikin littafinku ke nan: a ninka kilo da 9.8 ya koma niyuton, ko da 10 in tambayar ta ce haka. In igiyoyin biyu sun tashi digiri 60 daga kwance, kowace na ɗaukar 0.58 na nauyin, a digiri 45 kuma 0.71, a digiri 30 cikakken nauyin, a digiri 10 kusan ninki uku.

5. In akwai fuli

Fuli, wato ƙaramar tayar nan mai kwarmi da igiya ke bi ta kai, ana sa ta a bakin rijiya ko wajen gini don ɗaga bulo da kwaɓaɓɓen siminti. Fuli ɗaya da aka kafe a sama ba ya rage nauyi, yana juya hanyar ja ne kawai. Abin da mutane ke mantawa shi ne sandar da fulin ke rataye a jikinta. Guga mai kilo 20 na jan ɓangare ɗaya ƙasa, hannunka na jan ɗaya ɓangaren ƙasa da kilo 20, sandar na ɗauke da kilo 40 ko da gugan tsaye yake cik. Duk abin da fuli zai rataya a kai, a lissafa masa ninki biyu.

6. Ƙara rarar ƙarfi

Lissafin da aka yi zuwa nan na kayan da ke tsaye ne ba motsi. A zahiri babu kayan da ba a taɓawa. In ka saki buhu farat ɗaya a kan ƙugiya, ko da igiyar ba ta da sako-sako, jan na iya ninkawa biyu na ɗan lokaci. In akwai sako-sako har kayan ya ɗan faɗo kafin igiyar ta riƙe shi, ninkin ya wuce haka nesa. Ragon layya da aka rataye don fiɗa, mahauci na kama fata ya ja ƙasa da nauyin jikinsa, duk wannan igiyar ce ke sha. Allon shago kuma iskar farkon damina na kaɗa shi tana fizga.

Shi ya sa masu aikin ɗaga kaya ba sa ɗora wa igiya fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai tsinka ta. Kai ma ka ninka jan da ka lissafa sau biyar. In abin zai rataya a kan mutane, kamar a ɗaki, aji, masallaci ko ƙofar shago, ninka sau goma.

Sai maganar ƙulli. Kowane ƙulli na lanƙwasa zaren igiya, yana iya cinye kusan rabin ƙarfinta. Ga mai awon buhu mai kilo 100: sau biyar ya zama 500, saboda ƙulli kuma ya nemi igiyar da sai ta kai kilo 1,000 take tsinkewa.

A jikin ƙugiya, sarƙa ko bel na kamfani za ka ga an buga WLL ko SWL da lamba. Wannan shi ne nauyin da aka yarda a ɗora, an riga an cire rarar, kada ka haura shi. In kuwa lambar tsinkewa aka rubuta, ita ce za ka raba biyar. In an rubuta kN, kowane ɗaya kusan kilo 100 ne.

Gargaɗi: duk wannan lissafin na kaya ne. Igiyar da mutum zai shiga rijiya da ita ko ya hau sama da ita aiki ne daban, yana bukatar kayan da aka yi musamman don haka da mutanen da suka san aikin.

7. Zaɓen igiya, waya ko sarƙa

Ƙarfin igiya na tafiya da kaurinta, amma ba ɗaya-da-ɗaya ba. In kauri ya ninka biyu, ƙarfi na ninka kusan huɗu. Igiyar roba mai inganci, sabuwa, mai kaurin milimita 10, tana haura tan ɗaya kafin ta tsinke. Ta kasuwa wadda babu rubutu a jikinta kada ka ba ta wannan amanar, ɗauki wadda ta fi ta kauri.

Igiyar roba mai launi ba ta ruɓewa a ruwa, amma rana na cin ta. Zafin bazarar Kebbi ba ya yi mata da sauƙi. Murza ta a hannu, in ta koɗe tana zubar da gari ko zarenta na karyewa, ta gama aiki. Ta nailan ta fi ƙarfi, tana miƙewa, tana shanye fizga, amma tana ɗan rage ƙarfi in ta jiƙe, in ta tsinke kuma tana dawowa da bulala, kada kowa ya tsaya a saitinta. Igiyar rama da ta kaba sun dace da ragaya da ƙananan kaya a inuwa. Danshi na ruɓar da su daga ciki alhali waje na nan kamar lafiya, buɗe murɗin ka duba.

Wayar ɗaurin rodi da wayar lantarki ba na rataya ba ne. Ta rodi na tsatsa, in aka lanƙwasa ta sau biyu uku a wuri ɗaya kuma ta karye. Ga abin da zai daɗe a waje, sarƙa ce ko igiyar waya, wato wadda aka murɗa da siraran wayoyin ƙarfe. Duba kowane zobe na sarƙar, ya kasance an yi masa walda. Sarƙar ado mai buɗaɗɗen zobe tana wagewa a hankali.

Ta fuskar kuɗi, igiyar roba ta fi araha, sai igiyar waya da ƙarafan kama ta, sarƙa ta fi tsada. Amma abin da ke waje shekara da shekaru, sauya igiya kullum ya fi sayen sarƙa sau ɗaya ci. In aikin da yawa, sayen bandir ya fi sayen yadi-yadi sauƙi. A kasafinka ka sa ƙugiya, bol, noti da wasa (faifan ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti), da ladan mai walda ko kafinta. In kuɗin ya gaza, a rage a wajen fenti da ado, kada a rage a maratayi, domin kuɗinsa ƙanƙani ne in aka kwatanta da fankar ko allon da zai riƙe.

8. Maratayi

Bangon bulo mai rami fatarsa siririya ce. Ƙusar kankare na iya riƙe hoto ko agogo, domin jansu ƙasa ne. Ga jan da zai zo ta waje, kamar na igiyar shanya ko rumfa, a huda bangon gaba ɗaya a zura bol mai kunne, a sa faffaɗan wasa ko guntun ƙarfe ta baya a ɗaure da noti. In ba hali, a kafa sanda daban. Bangon laka ba a ba shi jan gefe ko kaɗan.

A dakin, wato rufin kankare, mafi kyau shi ne rodin da aka lanƙwasa aka saƙala a ƙarafan dakin kafin a zuba kankare. In an riga an zuba, a huda a sa bol na ƙarfe mai buɗewa a ciki, milimita 8 ko 10, a hura ƙurar ramin kafin a sa shi. Robar bango da ake kira fisha ba ta riƙe abin da ke jan ta kai tsaye daga sama. Sabon kankare kuma a bar shi ya cika kwana 28.

Silin, ko na POP ne, ko na roba, ko na kwali, ba ya ɗaukar kaya. Fanka a ɗakin kwano tana bukatar katako mai inci 2 da 4 ko fiye, a gitta shi kan katakan rufi biyu, a huda shi a zura bol mai ƙugiya a ɗaure ta sama. A tsayar da katakon a kan siririn gefensa, domin a haka ƙarfinsa ya ninka na kwance biyu. Ƙusar da aka buga daga ƙasa zuwa sama girgizar fanka na zare ta sannu a hankali. A tabbata robar da ke kan sandar fankar na nan, an ɗaure notin, an sa ɗan fil ɗin da ke hana notin kwancewa an buɗe ƙafafunsa. Fukafukan su yi aƙalla ƙafa bakwai daga ƙasa.

Gargaɗi: kashe wuta daga babban makunni kafin ka taɓa wayar fanka, ko da an ɗauke wuta. Ana iya kawo ta kana sama.

Azara da katakon tsohon ɗaki, a soka musu sukundireba a ƙarshensu, inda suka shiga bango. A nan gara ke fara ci. In ya nutse ko ka ji ƙarar fanko, nemi wani wurin. A sandar da aka gitta kan dirka biyu, tsakiya ce ta fi rauni, rataye kaya kusa da dirka, kuma ka rage tazarar in za ka iya. A bishiya, kusa da gindin reshe, kuma reshen ya zama ɗanye.

9. Ƙulli da ƙugiya

Zagaya igiyar sau biyu a jikin sanda kafin ka ƙulla. Zagayen ne ke ɗaukar mafi yawan jan, ƙullin ya samu sauƙi. Bar jela mai tsawon tafin hannu, don igiyar roba santsi gare ta, ƙulli mai gajeriyar jela na saɓulewa. Ƙona bakinta da ashana kada ta warware. Inda igiya za ta bi ta kan kaifin ƙarfe, bakin kwano ko kusurwar bulo, sa mata guntun tiyo ko tsohuwar taya.

Igiyar waya ba a ƙulla ta. Ana lanƙwaso bakinta a kama da ƙarafan kama waya masu noti biyu, guda uku a jere, tazarar kowane kusan kaurin wayar sau shida. Lanƙwasasshen ƙarfen ya hau kan gajeren baki, faffaɗan gindin ya zauna kan dogon ɓangaren da ke ɗauke da kaya. In aka juya su, suna murƙushe wayar da ke aiki. Bayan ta ɗauki kaya a sake ɗaure notocin, domin wayar na ɗan tsukewa.

Ƙugiya a cikinta take da ƙarfi, ba a bakinta ba. Kaya ya zauna a tsakiyar lanƙwasar. In bakin ƙugiya ya fara buɗewa, a jefar da ita, kada a mayar da shi da guduma. Wadda mai walda zai yi maka, ka ce ya rufe kunnenta da walda zagaye, ba ɗigo biyu ba.

10. Gwaji kafin amfani

Kada kayan gaske su zama na gwaji. Haɗa jarkokin ruwa da suka kai nauyin kayan sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Rataye su da doguwar igiya yadda za su tashi daga ƙasa da ɗan taki ɗaya kawai, in wani abu ya saki ba su da nisan faɗuwa. Fara da jarka babu komai, ka riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan, kana tsaye a gefe, ba a ƙarƙashi ba, yara kuma a nesa.

Yi alama da alli a jelar ƙulli, a jikin bol inda ya haɗu da bango, da tsayin jarkar daga ƙasa. Saurara: ƙarar katako, zubar garin siminti daga ramin bol, ko ƙarar zare na tsinkewa ɗaya-ɗaya, duk alamar a sauke ne nan take. In shiru, bar shi ya kwana. Da safe duba alamomin. Sabuwar igiya na ɗan miƙewa, wannan ba laifi ba ne. Amma jelar ƙulli da ta gajarta, bol da ya fito ko da kaurin farce ne, ko sandar da ba ta koma daidai ba bayan an sauke jarkokin, a sake aikin.

Gargaɗi: kada ka gwada ƙugiyar fanka ta hanyar lilo da jikinka a kai.

11. Dubawa bayan an rataye

Abin da ke waje a duba shi kafin damina ta faɗi da kuma bayan ta ɗauke. Wuraren da za a fi kula su ne inda igiya ke gogar wani abu, cikin ƙulli, zoben sarƙa na sama wanda lilo ke cinyewa, da tsatsar da ke bin bango daga ramin bol. Igiyar waya da ƴan zarenta suka fara tsinkewa suna tsirowa, a sauya ta, kuma a shafa ta da tsumma wajen dubawa don kada ta soki hannu. Fankar da ta fara rawa ko ƙara a sama, a kashe ta a hau a duba noti da fil a ranar. In aka ƙara wa maratayi kaya, ko aka ɗaure igiyar da ta lotsa aka miƙar da ita, lissafin farko ya tashi, a koma mataki na 4 a sake auna zurfin.